Burtun Ludayi

Sanyin Doha ba sanyi ba ne a wurin mutumin da ya taso a arewacin Gumel, amma akwai wani guntun ƙarfe a mazaunina na hagu da bai san haka ba. Da zarar iska ta juyo daga teku a ƙarshen shekara, shi yake fara sanar da ni. Bana ya tashi da wuri, daidai lokacin da garin ya cika da 'yan kallon ƙwallon duniya.

Ni direba ne. Kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, dattijo ne kamata, sai dai shi tsufansa a kan kujera mai laushi ya same shi. Ba ruwansa da ƙwallo. Da ya ga an hana motoci bin Corniche, babban titin bakin teku, unguwarsu ta Al Mirqab kuma ta cika da masu ganguna da fenti a fuska, sai ya ce yalla, a loda tanti, mu tafi hamada da shahonsa. A can na gan shi yana wulwula wani abu a igiya, shahon yana sauko masa kamar an jefo dutse. Da ya ajiye na ɗauka na duba. Fukafukan tsuntsu ne guda biyu aka ɗaure, launin busasshiyar ƙasa, da ɗigo-ɗigon baƙi. Na wani tsuntsu ne da suke kira hubara, kuma da su ake ruɗin shaho har ya koyi farauta. Na sansana, na ce a raina, wannan ai ƙanen tuje ne.

Da Larabcina mai tafiya kamar tsohuwar roka na yi masa bayani cewa mu ma muna da irinsa a gida, sai dai namu ya ninka wannan, shi ya sa 'yan boko ke ce masa talotalon daji. Na ce mu ba shaho muke ruɗa ba, tujen kansa muke ruɗa, kuma mutum ne yake zama tsuntsun. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce khalas, wato ya isa haka, in je in duba shayi. Ban ga laifinsa ba, ya san ni da ƙara wa zance gishiri. Amma wannan karon gaskiya na faɗa, shi ya sa abin ya tsaya mini. Don haka zan rubuta shi da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, wanda ya ga harafi a karkace ya miƙar da shi da kansa.

Tuje tsuntsu ne mai zargi. Ba ya zama inda akwai duhuwa, sai fili fetal inda zai hango mutum tun yana kamar ƙuda. Ka taka sau ɗaya ya taka sau biyu, ba gudu ba tashi, tazarar da ke tsakaninku ba za ta ragu ba har rana ta faɗi. Halitta ɗaya ya yarda da ita, wato burtu, baƙin tsuntsun nan mai dogon baki da jan maƙogwaro, mai tafiya a ƙasa kamar dattijon da ya yar da allura. Tare suke kiwon fara. To shi ne maharba suka sassaƙa kan burtu. Na mahaifina da icen dashi aka yi shi don kada ya yi nauyi, aka naɗe shi da baƙar fata, aka sa masa bakin burtu na gaske, aka manna masa 'ya'yan idon zakara a maƙogwaro da kakin zuma. Mutum ya ɗaura gindin wuyan a goshinsa, ya lulluɓa baƙin mayafi, ya duƙa. Daga nan sai haƙuri. Ka taka, ka tsaya, ka sunkuyar da kai kamar kana tsattsagar ƙasa, ka karkace, kada ka taɓa nufar tuje kai tsaye.

Baba yana da doka ɗaya a kan wannan kai. Wanda ya ɗaura shi ba ya harbin burtu, ba ya cin namansa, ko a gidansa ba a dafa shi. Ya ce tsuntsun ya ara maka fuskarsa ne. Ya kuma ce ranar da tuje ya ga burtu ya faɗi da ƙarar bindiga, ranar sana'ar ta mutu. Dama a garinmu ba a cin burtu, ana ganin tsuntsun iskoki ne, don haka dokar ba ta taɓa yi wa kowa nauyi ba.

Da Baba zai rasu ya bar mini kan, ya bar wa Sale bindigar. Sale ɗan goggona ne, taubashina, sa'ana. Ina kiransa bawana, shi ma haka yake kirana, har yau ba a raba gardamar ba. Baba ya ce ni ƙugu gare ni, Sale kuma ido. Ya sakaya ne, don ni na taɓa auna zabo na fasa randar mutane. Shi kuwa Sale ban taɓa ganin ya ɗaga bindiga ya sauke ta a banza ba. Tare muke fita. Ya kwanta a cikin ciyawa, ni in zaga can nesa in zama burtu, in riƙa matso da tuje sannu-sannu har ya shigo masa. A raba nama biyu, kai da ƙafafun tujen na mai bindiga.

Shekarar da nake magana, kusan arba'in ke nan, ban daɗe da aure ba, matata Hajo tana goyon fari. Ruwan shuka ya sauka a kan kari, muka shuka. Sai sama ta wanke fes, gero ya tsiro ya ƙone. Muka sake shuka, ya sake ƙonewa. Ta uku ce ta kai gwiwa, ta bushe a tsaye, in iska ta kaɗa ka ji gona tana ƙara kamar ana murza takarda. Hadari yakan haɗu a gabas da la'asar, baƙi ƙirin, mata su fito da kwarya da tukunya, sai iska ta kwashe shi ta yi kudu da shi muna kallo. Da kaka abin da na girba ban nemi jaki ba, a ka na ɗauko shi.

Kafin sanyi ya wuce an share rumbuna da tsintsiya. Daga nan rayuwa ta koma tsari ɗaya. Da asuba mata su fita neman 'ya'yan anza, a dawo a jiƙa su, a yi ta sauya ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita, ruwan kuma sai an yi layi a rijiya, guga ya fito rabi laka. Da hantsi a daka ƙarangiya, ƙaya tana shiga hannu, a sheƙe a sami abin da bai cika tafi biyu ba. Wasu su tona gidan tururuwa su kwashe tsabar da ta tara. Tuwon dusa ya zama na baƙo. Da bazara ta shigo zafi ya zauna a kan garin kamar an kifa tukunya, ƙasa ba ta takuwa da azahar, jarirai sun daina kuka da ƙarfi. Nonon Hajo ya fara ɗaukewa. Ta matsa ta matsa, 'yar ta kama ta saki, ta kalle ta.

Abin da na fi tunawa shi ne yadda mutane suka koma kallon juna. Hayaƙi ya tashi a gidanka, maƙwabci ya zo gaisuwa ba lokacin gaisuwa ba, yana magana hancinsa yana aiki. Aka koma daka a cikin ɗaki, a shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin turmi. In ka ga mutum bai rame yadda ya kamata ba, sai ka ji haushinsa. Ban sake ganin irin wannan kallo ba sai lokacin korona, a ɗakinmu na unguwar Bin Omran a nan Doha, mu shida, kowa da takunkumi. Ranar da ƙwayar shinkafa ta sarƙe ni na yi tari, Awudu ɗan Zangon Kumasi da muke cin abinci a kwano ɗaya ya ja katifarsa har bakin ƙofa, yana ce mini ba komai Baba, iska yake nema.

Akwai sauran tuje a fakon gabas, tafiyar rabin safiya daga gari, inda wata tsohuwar fadama ta bar 'yar fara. Amma ciyawa ta ƙare. Wadda dabbobi ba su ci ba mutane sun share ta har saiwa. Fili ya zama kamar tafin hannu, sai geza ɗaya nan ɗaya can, ko kare ba za ta ɓoye ba. Muka fita sau uku, tuje ya hango Sale kwance ya yi gaba abinsa. Sai Sale ya kawo shawara cewa tunda ba maɓoya, dole mai harbin ya zama shi ne burtun. In ba shi kan, ya fita shi kaɗai, abin da ya samu a raba kamar kullum. Ya ƙara da cewa ƙugun nawa ma ai ya zama na sauro. Na ba shi, ina ji kamar na ba da aron matata.

Makon farko ya kawo tuje guda. Muka raba, Hajo ta sha romo, nono ya ɗan dawo. Daga nan shiru. Kullum ya dawo bayan azahar, leɓe a fashe, ya tsaya a ƙofar gidana ya ce daji ya ƙi. In ce Allah ya kawo gobe. Ya wuce da buhunsa a kafaɗa, ni kuma in bi buhun da kallo.

Ban fara da zargi ba, hancina ne ya fara. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, ta zana, ita ma an zare rabinta an ba awaki. Wata rana da la'asar na ji ƙamshin nama. Ba mai daɗi ba, wani mai ƙarni-ƙarni, amma nama ne, mai jin yunwa ba ya kuskuren wannan. Na leƙa, na ga matarsa Talatu ta shigar da murhu ɗaki ta saki asabari, a wannan zafin. Kwana biyu bayan haka na je aron wuƙa, na sami ƙahon albarushinsa a rataye, na zura kara na yi alama da farce. Da ya dawo washegari ya ce daji ya ƙi, na sake komawa mayar da wuƙar, na zura karan. Albarushi ya ragu. Na tambaye shi a fakaice ko ya yi harbi, ya ce ya gwada wani daga nesa bai samu ba. Sale, wai bai samu ba. Na yi dariya na ce ashe bawan nawa ya tsufa. Shi ma ya yi dariya, amma bai rama ba, kuma taubashin da aka tsokana bai rama ba akwai abin da yake riƙe da shi.

Na koma lura da komai. 'Ya'yansa biyu suna da ƙarfin yin faɗa da juna. Talatu ta daina shigowa wurin Hajo. Ranar da na ga ƙudaje sun taru a wani wuri a bayan ɗakinsu inda aka turbuɗe wani abu, na gama yanke hukunci: Sale yana kashe tuje da kan ubana, yana ci shi kaɗai, 'yata tana tsotsar iska. Na faɗa wa Hajo, ta ce in je in tambaye shi mana. Na ce ba a tambayar ɓarawo, kama shi ake yi. Ta ce to da wace ƙafar.

Matsalar ita ce yadda za a bi maharbi a filin da ba maɓoya. Na kwana biyu ina juya abin, sai dabara ta zo mini, irin wadda ke zuwa wa mutumin da cikinsa ba komai. Tunda tuje da duk zarginsa ya yarda da burtu, Sale ma zai yarda. Na san dokar Baba, na san duk abin da zai harba a dajin nan ban da burtu. Na ɗauki ludayin Hajo mai dogon hannu, na shafe shi da baƙin tukunya, na ɗaura masa ƙahon akuya a matsayin baki, na yago jan ƙyalle daga tsohuwar hula na naɗa a maƙogwaro. Na ɗauki baƙin zanenta na aure. Ta tambaye ni ina zan kai mata ludayi, na ce ai ba abin da take kwasa da shi.

Na bar shi ya yi nisa, na bi sawunsa. Rana ta ɗago, iska tana busowa kamar daga bakin maƙera. Da na hango fadamar na ɗaura ludayina a goshi, na lulluɓa, na duƙa. Ƙasa tana ƙona mini tafin hannu, gumi yana wanko baƙin tukunya yana zuba mini a ido. Amma ƙugun bai manta ba. Na taka, na tsaya, na tsattsagi ƙasa, na karkace. Har wani daɗi na ji, na ce yau Baba zai yi alfahari da ni.

Can na hango shi, baƙi a tsakiyar fili, yana tafiyar burtu irin ta wanda bai iya ba, gindi a sama kamar mai neman kuɗinsa a ƙasa. Akwai tuje biyu a gabansa, nesa ƙwarai. Abin da ya ba ni mamaki, da ya matsa sai suka miƙe wuya, suka buɗe fukafukai suka tashi. Ban taɓa ganin tuje ya tashi don burtu ba. Ina cikin wannan tunani sai na ga ya juyo wajena. Ya tsaya. Ya tsattsagi ƙasa, ni ma na tsattsaga. Ya karkace ya matso, ni ma na karkace, ina murna a raina cewa ya ruɗu. Sai da ya rage kamar taku arba'in na lura cewa ba wucewa yake yi ba, yana yi mini abin da ake yi wa tuje ne. Na ga mayafinsa ya ɗaga kaɗan, bakin bindiga ya leƙo. Na buɗe baki in ce Sale, maƙogwaro ya bushe, ba abin da ya fito. Na juya in gudu.

Harsashi ya ƙare a garin tun tuni, guntayen ƙusa da tsakuwa ake ɗurawa. Na ji kamar an watsa mini garwashi a baya, na kife. Sai ƙarar ƙafa, yana gudu yana bisimilla don ya riski yanka kafin tsuntsu ya mutu. Ya fizge zanen, wuƙa a hannu, kan Baba yana lilo a goshinsa, ludayin Hajo yana lilo a nawa.

Na ce, “To yanka mana, bawa, me kake jira?”

Ya saki zanen. Ya zauna daɓas a ƙasa mai zafin nan, ya yi ta kallona. Buhunsa ya zame daga kafaɗa, bakinsa ya buɗe, na ga baƙin fiffike mai farin gefe da jan maƙogwaro. Burtu ne, na gaske, da jininsa bai bushe ba.

A hanya, ina goye a bayansa, ya faɗa mini sauran, a gutsure, yana haki. Tun bayan tujen farko bai sake samun kusantar wani ba, tafiyarsa ba ta ruɗe su ba. Burtu kuwa da kansu suke zuwa, su zo korar baƙon da ya shigo musu wuri. Ranar da ƙaraminsa ya kasa tashi zaune, ya harbi na farko. Daga ranar tuje suka daina yarda da duk wani baƙin abu mai dogon baki, kamar yadda Baba ya faɗa. Bai gaya mini ba don ya san zan karɓe kan, kuma bai iya kawo naman gidan ɗan mai doka ba. Ni kuwa ina ta lissafin ta inda zan fara zaginsa, zafi bai bar ni ba.

Wanzami ya kwantar da ni rubda-ciki ya yi ta tono, ya ciro abin da ya ciro, ya ce saura ɗaya ya yi nisa, a bar shi ya zama ɗan gida. Mutane muka ce musu bindiga ce ta tashi da kanta. Ba wanda ya yarda, don an ga baƙin tukunya a fuskata, amma ba wanda ke da ƙarfin bincike.

Kafin magariba Sale ya shigo da kwano a rufe, ya ajiye gaban Hajo, ya ce tuje ne. Yana faɗa yana kallona. Hajo ta buɗe, ta ga naman baƙi, ta juyo ta kalle ni ita ma. 'Yar tana kwance a cinyarta, ba barci ba kuka.

Na ce, “Tuje ne. Tsoho ne, shi ya sa ya yi baƙi.”

Ta ci. Ni ban ci naman ba, romon kawai na sha, na gaya wa kaina Baba nama ya ce. Haka muka yi har burtun fadamar suka ƙare, sannan gwamnati ta kawo wata jar dawa, sannan ruwa ya sauka, irin wanda ke sa ƙasa ta yi ƙamshi har mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Ban iya duƙawa ba a daminar, Sale ne ya nome mini gona bayan ya gama tasa. Kan burtun ya dawo mini da shi na rataye, ba wanda ya sake ɗaura shi a cikinmu. 'Yar ta rayu, yanzu ita ma tana da jikoki.

Amma zargin bai mutu ba, sheƙa ya sauya. Ina kwance ina jinya na yi ta auna abin. Maharbi kamar Sale, taku arba'in, rana tsaka, ya kasa bambanta ludayi da tsuntsu? Kuma mutumin da ba ya kuskure ya tashi ya sami mazauni? Na tabbatar wa kaina ya gane ni sarai, ya ga na biyo shi ina leƙen asirinsa, ya zaɓi inda ba a mutuwa ya koya mini hankali. Ban taɓa faɗa masa ba, ban kuma taɓa yafe masa duka ba. Na yi tuƙin manyan motoci, na zo ƙasar nan, kowace sallah ina aika masa shadda, amma kullum da ɗan wannan a ƙasan zuciyata. Lokacin korona aka ce mini yana kwance ba lafiya, na ce kada mutumin nan ya tafi da amsata. Na kira shi, muka ɓuge da zagin juna har katin ya ƙare.

Da muka dawo daga hamada, ranar Juma'a bayan an sauko, na taka zuwa Corniche na sami benci kusa da jiragen katako. Mutane suna ta wucewa da tutoci. Na kira shi. Ya ɗauka ya ce wane bawa ne ke damun ubangidansa da rana tsaka. Idonsa ya yi rauni yanzu, amma bakin yana nan. Muka gaisa, na tambayi Talatu da damina. Sannan na ce ina da tambaya, kada ya yi mini wasa. Na ce ranar fakon gabas, ya gane ni ko bai gane ni ba.

Ya ce da ya gane ni ai ba zai ɓata albarushi ba, kulki ya ishe ni. Na ce na ce ban da wasa. Sai ya bar wasan, ya kira ni da sunana.

“Ilu, wallahi tsuntsu na gani. Har na raba shi a zuciyata, cinya ɗaya ta Hajo ce, ko za ka kashe ni. Inda wuya ya haɗu da jiki na auna.”

Na kai hannu goshina, daidai inda gindin ludayin ya zauna. Na ce ƙarya ne, shi da ba ya kuskure.

“Kwana uku rabona da abin da ya wuce ruwan anza. Naman da kake jin ƙamshinsa ta zana, ko romonsa ban taɓa kaiwa baki ba. Ni na ɗaura kan Kawu, ni dokar ta hau. Na karya rabinta saboda yara, na riƙe rabi. Bindigar ce ta yi mini nauyi, kafin in tsayar da ita ka juya. Da ina ci kamar yadda ka zarga, da tuni an manta inda aka binne ka.”

Na nemi inda zan kama shi a cikin maganar. Na juya ta ta nan, na juya ta ta can, kamar yadda na saba, ban sami ko ɗaya ba. Maganar romon da na sha kuwa na bar ta a cikina. Sai na ce to ashe dai burtun nawa ya yi kyau, tunda ya ruɗi babban maharbi.

Ya ce, “Bai yi kyau ba, bawa. Ludayi ne da ƙahon akuya. Yunwa ce ta gyara maka shi.”